Wasiƙar da Mista Gwan Ya Karanta wa Malaminsa

Duk wanda ya taɓa zama a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ya san Baba Raphael Okwuosa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana akawu a Reluwe, kuma a tsawon shekarun nan in wasiƙa ta zo unguwa da Turancin da ya fi ƙarfin mai ita, ƙofarsa ake nufa. Shi ke karanta wa mutane takardar kotu, shi ke rubuta musu ta neman aiki. In ka yi ɓarin Turanci a gabansa kuwa sai ya gyara maka, ko da a gidan makoki ne. Yana da girman kai, ba zan ɓoye ba, amma girman kai ne da ya sha wuya kafin ya same shi.

To, a shekarar 1996 idanunsa suka juya masa baya. Yanar ido ta riƙa rufe su a hankali, har ya zama in ya ɗaga takarda ba ya ganin komai sai wani hazo-hazo. Ba wanda ya sani sai matarsa Uzoamaka, mai sayar da garin rogo da manja a kasuwa, ita ma sai da ya sa ta rantse. Masu kawo wasiƙa ya riƙa sallamarsu da cewa ya yi ritaya, su je wurin 'yan makaranta su ma su ci kuɗin da iyayensu suka kashe. Mutane suka ce tsufa ya ƙara masa baƙin hali. Ya ji, ya haɗiye.

Amma ba idon ne ya fi cin ransa ba. Ɗansu namiji tilo, Chibuikem, soja ne, an tura su Laberiya aikin kiyaye zaman lafiya, kuma wata takwas ke nan ko layi ɗaya bai zo daga gare shi ba. Kowace Juma'a Baba Raphael sai ya ɗauki lema, ko ana ruwa ko ba a yi, don ita ce sandarsa a ɓoye, ya taka har gidan waya ya tambaya. Kowace Juma'a ya dawo hannu wofi. A hanya yakan tambayi kansa: to in ma ta zo, wa zai karanta? Uzoamaka dai Littafi Mai Tsarki na Igbo kaɗai take iya bi, shi ma da yatsa.

A cikin wannan hali 'yan ƙasar Sin suka iso garin gyaran layin dogo. Tafintansu wani siririn mutum ne mai gilashi, Mista Gwan, bai fi shekara talatin da biyu ba. Ya yi jami'a a kan Turanci, ya san kalmomin da Baturen Ingila ma sai ya buɗe ƙamus. Amma ba shi doguwar takarda ka ce ya faɗi abin da marubucin ke nufi, sai ka ga gumi. Karatu yake yi kalma-kalma, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, kafin ya kai ƙarshe ya manta farko. Ga shi yana da babbar jarrabawa da ke jiransa a gida ƙarshen shekara. Fadan cocin da Baba Raphael ke zuwa ne ya nuna masa gidan tsohon, don ya koya masa.

Talata da Juma'a da ƙarfe huɗu suke zama a baranda. Baba Raphael ya jingina da kujera ya lumshe ido, wai don ya fi ji da kyau. Gwan ya karanta da ƙarfi, wani lokaci tsohuwar jarida, wani lokaci littafin dokokin Reluwe wanda tsohon ya haddace tun kafin a haifi ɗalibin nasa. In ya gama sai a ce ya rufe, ya maimaita da bakinsa.

“Ba na son aku,” in ji Baba Raphael. “Wa ya rubuta? Me yake so da kai? In ba ka iya faɗa mini wannan ba, surutu ka yi, ba karatu ba.”

A ƙarshen kowane darasi sai ya ba shi sababbin kalmomi biyar daga ka. Gwan ya rubuta su a wasu guntayen kati, Turanci a gaba, rubutun ƙasarsu a baya, ya ɗaure da roba ya sa a aljihun gaba. 'Yan aikin layi sun ce da sassafe sukan gan shi yana tafiya a gefen dogo yana jujjuya katunan yana magana shi kaɗai, har suka fara zargin ko tsafi ne. Ga ladabi kamar me! Ba ya zama sai Malam ya zauna, littafi da hannu biyu yake karɓa, bai taɓa musa masa ko sau ɗaya ba. Yakan kawo wani koren shayi da Uzoamaka ta ce ƙanshin ciyawar akuya yake yi, amma mijinta ya sha, ya ce ita ce ba ta san abu mai kyau ba. A gaskiya ya so yaron nan. Tun tafiyar Chibuikem ba a ƙara kiran wani zuwa cin abinci a gidan ba sai shi.

Wata Juma'a cikin damina, da Baba Raphael ya isa gidan waya, ma'aikacin ya tarbe shi da murna.

“Baba, yau ka dace! Kan sarkin waje ne a jiki.”

Ya karɓa. Bai san yadda ya iso gida ba. Uzoamaka na kasuwa. Ya zauna a baranda ya shafa ambulan gaba da baya, ya kai shi kusa da ido har ya taɓa hancinsa, ya juya shi wajen rana. Ina! Ko harafi ɗaya. Mutumin da ya karanta wa rabin unguwa wasiƙunsu, yau ga tasa a hannu tana masa kallon banza. Ya farke bakin ambulan, ya ji takarda falle biyu ce, ya mayar. Daga sha ɗaya har huɗu yana nan, ko ruwa bai sha ba.

Da Gwan ya zo ya gaishe shi, sai tsohon ya gyara murya.

“Yau rubutun hannu za mu gwada. Wanda bugun inji kaɗai ya iya bai gama iya karatu ba. Ungo, daga ɗana ce. Na riga na karanta, so nake in ji yadda za ka yi da ita.”

Ya ji an karɓa. Ya ji an warware takarda. Al'adar Gwan ce ya fara bin rubutu a zuci kafin ya buɗe baki, don haka Baba Raphael ya jira. Jiran ya yi tsawo. Can a tasha wani inji ya yi kuka, ya yi shiru.

“Rubutun ne ya gagare ka?”

“A'a, Malam.” Ya yi gyaran murya, ya fara. “Ya mahaifina abin ƙauna. Ina fata kuna lafiya. Ni ina nan cikin wadata. Yanzu ƙasar ta samu natsuwa. Yanayin wurin akwai ni'ima. Abokan aikina mutane ne masu karamci. Aikin yana bukatar juriya, shi ya sa ban rubuto da wuri ba. Kada ku damu da ni.”

Wayyo, daɗin da ya ziyarci tsohon nan! Ƙirjinsa ya buɗe, hawaye suka taru a idanun da ba sa gani, ya ce a ransa Allah na gode, yana raye. Sai da ya ja numfashi biyu yana cikin wannan daɗin.

A na uku kunnensa na malami ya farka. Wadata. Natsuwa. Ni'ima. Karamci. Juriya. Ai waɗannan su ne kalmomi biyar na Turanci da ya bayar ranar Talata, manya-manya irin na littafi, kuma ga su nan a jere yadda ya faɗe su, ko ɗaya ba ta tsallake 'yar'uwarta ba. Chibuikem da ya sha bulala a kan Turanci har ya gudu soja, yaushe ya san su? Yaron da kowace wasiƙarsa da “Oga Akawu, yaya gari?” take farawa, ta ƙare da roƙon a ajiye masa miyar shuwakar mamarsa? Sannan takarda falle biyu, a karance ta a layi takwas, ba a ko juya ba?

Ya juya fuskarsa wajen Gwan.

“Wa ya sa hannu?”

“Ɗanka, Malam.”

“Mista Gwan, kalmomin nan nawa ne. Ni na ba ka su ranar Talata, suna nan a aljihunka da roba.”

Sai ya ji kujera ta motsa, Gwan ya miƙe tsaye.

“Ka gafarce ni, Malam. A wurinmu ba a ɗora wa tsoho irin wannan kaya. Ƙanen babana ya rasu a ramin haƙar ma'adinai, kakata ta yi shekara biyu bayansa ba ta sani ba. Ni nake rubuta mata wasiƙa da sunansa duk wata, babana ya karanta mata. Ta mutu tana cewa ɗanta na lafiya. Mu a ganinmu wannan shi ne biyayya.”

“Ni ba kakarka ba ce!” Baba Raphael ya buga lema a ƙasa. “Haba! Ɗana ne! Wa ya ba ka izinin ka riƙe mini shi a hannunka?” Ya daɗe yana haki, sannan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa wani namiji ba. “Ƙarya na yi maka. Ban karanta ba. Ba na gani.”

“Na sani, Malam. Tun mako na biyu.”

“Ka sani ka yi shiru?”

“Ba a kunyata malami.”

Allah sarki. Tsohon ya sunkuyar da kai. Ashe wata huɗu yana lumshe ido yana taƙama, yaron nan na rufa masa asiri. Ya nuna kujera da hannu.

“Zauna. Ba ni da wasu idanu sai naka. Ka karanta abin da ke takardar, kada ka rage, kada ka ƙara.”

Gwan ya zauna ya karanta. Wasiƙar daga wani Kofur Yafet ce, ɗan Fadan Kagoma, wanda suke rukuni ɗaya da Chibuikem. Ya ce sun yi wa juna alkawari, duk wanda ya rage zai rubuta wa iyayen ɗan'uwansa da hannunsa kafin saƙon hukuma ya iso. Ya ce ranar shida ga watan Mayu suna gadin wata gada aka buɗe musu wuta, harsashi ya sami Chibuikem a ciki. Ya ce bai mutu nan take ba, ya kai la'asar, kuma ba shi kaɗai ba ne, kansa na kan cinyar Yafet har ƙarshe. Ya ce sun yi masa addu'a sun binne shi da kyau, agogonsa da hoton mamarsa suna wurinsa, in Allah ya dawo da shi zai kawo da kansa.

Gwan bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai a layin ƙarshe ya tsaya, don Yafet ya bar Turanci ya rufe da Hausa, yadda mutanen gida ke yi. Gwan bai san ma'anar ba, ya haɗa haruffan ɗaya bayan ɗaya: “Ba-ba, Al-lah ya ba ku ha-ƙu-ri.”

Nan ne kukan ya ƙwace wa Baba Raphael. Ya yi shi da baki buɗe, ba kunya, yana kiran sunan yaron. Gwan ya durƙusa a gabansa ya riƙe masa gwiwa, shi ma yana kuka, don bai san abin da ake cewa a irin wannan wuri ba da kowane harshe.

Tsohon ne ya fara dawowa hayyacinsa, saboda ya tuna Uzoamaka. Biyar da rabi take tasowa daga kasuwa, kuma ba a faɗa wa uwa mutuwar ɗanta tana ita kaɗai. Ya share fuska da gefen riga.

“Je gida na uku a hannun dama, ka ce Mama Hulda ta zo. Ka ce ta kira matan zumuntar coci, duk wadda ta samu. Kada ka faɗi dalili, za ta gane.”

Ta kuwa gane. Kafin rabin awa mata bakwai sun cika barandar, sun zauna a tabarma. Hulda, maƙwabciyarsu ta shekara ashirin, ta zauna kusa da ƙofa don ta tari Uzoamaka. Gwan ya tsaya can gefe da takardar a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.

Abin da ba su sani ba shi ne ma'aikacin gidan waya ya biya ta kasuwa ya yi wa Uzoamaka albishir. Tun daga kwanar layi suka jiyo muryarta, tana sauri, kaza na kuka a hannunta, wadda ta saya don a yi murna.

“Papa Chibu! Papa Chibu! An ce wasiƙa ta zo! Me ya ce? Yaushe zai dawo?”

Takunta ya tsaya cak a bakin baranda. Baba Raphael ya ji tiren kayanta ya faɗi, ya ji kazar ta tsere tana fuka-fuki. Ya miƙe ya bar lemar a ƙasa, ya miƙa hannu wajen da yake zaton tana tsaye, ya taka, hannun ya kama iska. Ya sake laluba, ya kama ginshiƙi. Matan suka dubi juna.

Hulda ce ta tashi ta kama hannun nasa, ta ja shi taku biyu, ta ɗora shi a kafaɗar matarsa.

“Nne,” ya ce, yadda ya saba kiranta da Igbo, “zauna tukuna.”

Ba ta zauna ba.