Sharif Ya Haddace Fim Ɗin Firji

Duktura Arwa ta jima tsaye a bayan Sharif bai sani ba. Yana zaune a ɗakin karatu na ma'ajiyar tsofaffin takardu ta jami'a, ido a rufe, yana rangaji gaba da baya, leɓɓansa na motsi. A gabansa ga wasu shafuka da tsufa ya mayar ruwan ƙasa, bugun tafireta.

"Ciro abin da ke kunnenka," ta ce da Larabcin Masar.

Ya zabura. Ya nuna mata kunnen dama, ya nuna na hagu. Wayarsa tana can bakin ƙofa wurin mai gadi, kamar ta kowa.

"To da wa kake magana, ya ibni?"

"Hadda nake yi, Duktura."

Takardun na wani Ba'amurke ne, Gilbert Rask, wanda ya yi suna a rubutun wasan kwaikwayo na dandamali. Tun sunan bai zo ba ya zauna a unguwar Ma'adi ta birnin Alƙahira yana saurayi, yana rubuta labaran fim da babu wanda ya kula su. Sai da aka zo rushe gidan da ya yi haya aka tsince su cikin wata tsohuwar akwati. Iyalinsa suka bar wa jami'ar, amma da sharaɗi: a karanta a nan, ba hoto, ba kwafi, ko da fensir ne.

Shi kuwa Sharif daga Maradi aka turo shi karatun addini, yana kuma yi, sai dai rabin zuciyarsa na wurin gajerun finafinan da suke ɗauka da waya a lungunan Hadayek el-Ma'adi, shi da abokin ɗakinsa Illiyasu. Cikin takardun Rask labari ɗaya ne ya hana shi sakat. Wa da ƙane ne da suka daina gaisawa, mahaifiyarsu ta rasu, suka ɗauko firjinta za su kai bene na bakwai, asanser, na'urar hawa bene, kuma ta mutu. Duk hawan da suka kai, sai wani tsohon faɗa ya taso. Sharif ya ga fim ɗin ƙarara a matakalar gidansu. Da aka ce ba a kwafa, sai ya yi abin da ya iya tun yana riƙe da allo.

Duktura Arwa ta ɗaga shafi ɗaya a hankali, ta karanta layin farko. Sharif ya karɓe, ya zarce har ƙarshen shafin, har da inda marubucin ya soke kalma ya sa wata.

Ta jawo kujera ta zauna. "Sharaɗin bai ambaci kan mutum ba," ta ce, tana danne dariya. "Amma ka ɗauki fim ba izini, kai a hana ka shigowa, ni a sallame ni. Jikar Rask, Madam Helen, za ta zo bikin ƙaddamar da takardun ranar Alhamis. Ita kaɗai ke da iko. Manyan kamfanoni sun nema ta hana su. Zan roƙe ta ta saurare ka, iyakar abin da zan iya ke nan."

Sharif bai san yadda ya isa tashar jirgin metro ba. A saman rufin gidansu, tsakanin igiyoyin shanya, ya riƙa biya wa Illiyasu maganganun ƙanen, baki da baki.

"Wannan Turancin zai karya mini haƙori," in ji Illiyasu.

"Kai da ka haddace matanin nahawu cikin zazzaɓi? Yalla, maimaita!"

Ranar Alhamis, bayan jawabai da shayi, Duktura Arwa ta kawo Madam Helen gindin matakalar laburare. Doguwar mace ce mai furfura, tana riƙe da jakarta irin riƙon mai shirin tafiya. Baƙi kaɗan suka biyo su. Samarin biyu suka ɗaga wani ƙaton kwali a madadin firji, Sharif a ƙasa, Illiyasu a sama, suka fara.

Ba su yi tuntuɓe a kalma ko ɗaya ba. Matsalar ita ce muryar. Turancin ya fito da karin hadda sak, ana ja ana saukewa, su biyun suna rangaji, kwalin ma yana rangaji tare da su. A kan rufi babu wanda ya lura, domin duka biyun haka suke yi. Wani baƙo ya tuntsire da dariya.

Madam Helen ta ɗaga hannu. "Addu'a ce wannan?"

"A'a, Madam. Faɗa ne."

"Kakana bai rubuta waƙa ba. Ku faɗe shi kamar mutane."

Sharif ya tsayar da jikinsa cak, ya buɗe baki. Babu komai. Da ya cire karin, kalmomin suka bi shi suka tafi. Ya sake gwadawa, gumi na tsatso masa. Madam Helen ta dubi agogonta.

"Ka ga irinta ko?" Illiyasu ya yi ƙasa da murya da Hausa. "Na ce mu gwada gaban mutane, ka ce kai ne darakta."

"Rufe mini baki ka riƙe gefenka! Duk nauyin ka sakar mini."

Yana faɗin haka ya lura kusan abin da wan ya ce ke nan a labarin, a hawa na biyu. Ya ɗaga kai ya zuba wa Illiyasu ido, ya ɗaga murya.

"Tun Inna na da rai kake sakar mini nauyi! Wa ya kwana da ita a asibiti?"

Illiyasu ya yi sororo, sai kuma idonsa ya kawo haske. "Wa ya sayar da keken ɗinkinta bai gaya wa kowa ba? Tura, malam, tura!"

Suka hau. Suna hawa suna yaɓa wa juna magana, kwalin na bugun bango, kowane layi na Rask yana fitowa da Hausa kamar a gida aka haife shi. Baƙin suka matso. A mahaɗar matakala Sharif ya durƙusa da gwiwa ɗaya, muryarsa ta karye, ya ce, "Riƙe ni, zan faɗi." Illiyasu ya saki faɗan, ya tallafo kwalin da ƙirjinsa, suka tsaya suna haki.

Madam Helen tana bayansu, ta biyo su har can. Ta gane wurin, ta furta layin da Turancin kakanta a hankali, ita kaɗai.

"Wane harshe ne wannan?"

"Hausa, Madam."

"Da Turanci ban yarda ba, kada ma ku sake yi masa haka." Ta saɓa jakarta a kafaɗa. "Da wannan na yarda. Kwafin farko a kawo nan, a ajiye shi tare da takardunsa. Duktura za ta shirya yarjejeniyar."

"Tamam!" in ji Duktura Arwa, tana tafi.

Sharif ya yi tsalle har ya kusa gangarawa. Ya rungume Illiyasu, kwalin ya lotse a tsakaninsu, ya yi godiya da Larabci da Faransanci da Turanci duk a cakuɗe. Suna fita ƙofar jami'a ya fara lissafa wanda zai riƙe waya da wanda zai lallashi mai gadin gidansu.

"Dakata," in ji Illiyasu. "Firjin gaske za a ɗauka?"

"Na gaske mana."

"To khalas, shi ke nan. Kai ne a ƙasa."