Bangon da Sittana Ke Shayarwa

Wata biyar bayan rasuwar Sittana, bangon ɗakinta ya tsage. Dafa'allah, mijinta, ya ga tsagar tun tana kamar zare, ya ci gaba da ganinta har ta kai yatsa na shiga, bai ce wa kowa uffan ba. Ba ɓoyewa yake yi ba. Tun da aka dawo daga maƙabarta abubuwa ke wucewa ta gabansa kamar motocin titin birnin Madani, yana gani, babu ruwansa. In maƙwabta sun aiko da kisra, gurasar dawa, ya ci, in an kira salla ya tashi, sauran yinin kuma yana kan gadon igiya a gindin darbejiya har inuwa ta gudu ta bar shi.

'Yarsa Ihlas ce ta tayar da maganar ranar da ta zo daga Kartum. Ta shiga ɗakin mahaifiyarta ɗauko tabarma, ta fito da salati.

"Baba, ta bango nake hango akuyar maƙwabta! A nan kake kwana?"

"A waje nake kwana."

"To wallahi ka gama. In ginin nan tafiya yake yi, ka haɗa kayanka mu tafi. Na binne uwa, ba zan zo in tono uba ba."

Dafa'allah ya ce to. Da ta ce ya zauna, to ɗin zai ce. Ya san ɗakin da ta tanadar masa, hawa na uku, taga ɗaya mai kallon bangon wasu, ya kuma san wanda ya shiga irin ɗakin nan a shekarunsa ba ya dawowa yankinsu na Jazira sai a makara. Ya auna wannan a ransa, bai ji komai ba.

Aka kira Usta Mirgani, tsohon magini mai bakin tsiya, wanda suka yi makarantar allo tare. Dafa'allah ya yi shekara talatin yana gadin ƙofar ruwa a babbar magudanar gonakin auduga, shi ke buɗewa shi ke rufewa, manomi bai isa ya sami ɗigo fiye da rabonsa ba. Shi ya sa Usta ba ya kiransa da sunansa.

"Sarkin rowar ruwa! An ce gidanka ya buɗe baki zai yi magana."

Ya bi tsagar da yatsa tun daga ƙasa, inda take siririya, har saman taga, inda ta yi faɗi. Ya ce kusurwar ce ke zama, ƙasa na janyewa daga ƙarƙashinta. Ihlas ta ce a cike da siminti mana a huta.

"'Yata, tsaga iri biyu ce, matacciya da mai rai. Matacciya a yi mata likkafanin siminti. Mai rai kuwa ko buhu goma kika ba ta, za ta tofar."

Ya kwaɓa farin garin jibsi, wanda in ya bushe ba ya jure motsi ko na gashi, ya manna shi kamar tafin hannu a kan tsagar wuri uku, ya rubuta kwanan wata da ƙusa. Ya ce waɗannan su ne shaidu, a ba shi mako uku. In shaidun nan sun fashe, bangon yana tafiya.

Mako ukun nan Dafa'allah bai leƙa ba ko sau ɗaya. Ranar da suka cika, Ihlas ta dawo da babbar jaka wadda babu komai a ciki. Shaidu uku duk sun rabe biyu. Ta dubi ubanta, shi kuma ya dubi jakar.

Usta ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki diga ya zaga bayan ɗakin, ya haƙa rami a gindin bango har ya kai ga harsashin ginin. Baƙar lakar Jazira kowa ya san halinta, da damina ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare. Amma wannan ta bushe har ƙasa, ta ja baya ta bar jan bulon harsashin a rataye, Usta ya zura hannu a ƙarƙashi har gwiwar hannu. Ya fito yana karkaɗe ƙasa, sai ya tsaya yana kallon wani ɗan kwari da ya bi tsawon bangon, taku ɗaya daga gini, sumul kamar an shafe shi da hannu.

"Wa ke zuba ruwa a nan?"

"Babu kowa," in ji Dafa'allah.

"Yanzu babu kowa. Da fa?"

Ihlas ce ta amsa, a hankali. "Inna ce. Bokiti biyu da safe, biyu da la'asar. Tun ina ƙarama."

Dafa'allah ya tuna, kamar yadda mutum ke tuna labarin wani. Shekara arba'in da ɗaya yana yi mata tsiya a kan bokitin nan. Yakan ce, Sittana, bangon nan da kike shayarwa, yaushe zai yi 'ya'ya? Takan ce haka ta ga uwarta na yi, ƙasa ma tana jin ƙishi. Yakan ce da a magudanarsa take da ya ci ta tara. Ba ta taɓa fasawa ba, shi ma bai taɓa fasa faɗa ba.

Usta ya zauna a bakin ramin. "Ga darbejiya na sha ta nan, ga rana na sha ta can. Gidajen layin nan duk na ɗinke su, wani sau biyu. Naka kaɗai ban taɓa sa wa hannu ba, ina cewa ubanka ne ya iya gini. Ashe Hajiya ce ke riƙe da shi."

"To yanzu mene ne magani?" in ji Ihlas.

"Abin da take yi. Kada a malala masa ruwa lokaci ɗaya, lakar za ta kumbura ta ɗaga shi ta karya. Kaɗan-kaɗan, safe da la'asar, a cikin kwarin nan nata, har damina ta sauka. Ƙasa za ta dawo ta tallafe shi, bakin tsagar ya ragu. Sannan in zo in ɗinke da rodi, in cike. Amma kullum ne, 'yata. Ba aikin magini ba ne, aikin mai gida ne. In kun kulle kun tafi, kafin rani biyu kusurwar nan tana ƙasa."

Ihlas ta ce Baba bai iya dafa wa kansa shayi ba, balle wannan. Ta ce motar Kartum tana tashi bayan la'asar gobe, ya yi tunani. Ta shiga ciki ta fara ninke masa jallabiyoyi, tana yi tana share ido da gefen mayafi.

Da aka yi la'asar Dafa'allah ya tashi, ba don ya yanke wata shawara ba. Bokitin yana inda yake, kife a bayan randa, da tsumman da Sittana ta naɗa a mariƙinsa. Ya tara a famfon bakin ƙofa ya ɗaga. Bai taɓa ɗaga shi cike ba. Daga famfo zuwa bayan ɗaki taku arba'in ne ko fiye, kuma bai yi rabi ba kafaɗarsa ta ɗauki zafi. Ya nemi inda zai ajiye, sai ya ga bulo ɗaya shimfiɗe a ƙasa daidai ƙafarsa, ya nutse, gindin bokiti ya ci masa zobe. Ya ajiye. Bokitin ya zauna daram a cikin zoben.

Da ya dawo ɗaukar na biyu ya lura da wani bulon, tsakanin wancan da famfo, zobensa bai yi zurfi ba. Sai na uku, taku biyar kacal daga famfo, sabo, ko zobe babu. Wannan ya san shi. Bara ya yi tuntuɓe da shi, ya yi ta faɗa a kan masu zubar da bulo a hanya, ya shure shi gefe. Washegari ya gan shi ya koma wurinsa. Bai tambaya ba, bai san wurin hutun Sittana ba ne. Ta rasu bayan wata biyu, kowa yana cewa farat ɗaya ne, lafiyarta ƙalau, shi ma haka ya riƙa gaya wa masu gaisuwa.

Ya tsaya a kan bulon, ruwa na zuba a famfo har bokitin ya cika ya tumbatsa yana bin ƙasa, mutumin da bai taɓa barin ɗigo ya ɓace ba. Ihlas ta fito da gudu ta kashe.

"Baba, lafiya? Kawo in kai maka."

"Bar shi."

"Kayanka fa? Na gama haɗawa."

"Mayar da su," ya ce. Ya sunkuya ya kama mariƙin ta wurin tsumman. Taku biyar ya yi, ya ajiye a kan bulonta ya huta.