Ranar da Ramlat ta jiƙa Inna Jinjiri

Duk unguwarsu a Batsari an san murhun gas ɗin Ramlat, don sai da aka yi wata biyu ana ja-in-ja kafin ya shigo gidan. Ramlat tana fama da ciwon ƙirji. Da hayaƙin itace ya bugi fuskarta sai numfashi ya riƙa fita da kyar, ta yini tana tari kamar za ta amayar da huhunta. Mijinta Maude ya gaji da jigilar asibiti, ya je Katsina ya ɗauro mata murhu mai kai huɗu da tukunyar gas.

Mahaifiyarsa, Inna Jinjiri, ta ce a gidan da take kwana ba za a ajiye mata bam ba. Da ƙyar malamin unguwa ya shawo kanta, amma sai da ta kafa sharaɗi a gaban kowa: ranar da abin nan ya jawo fitina, komai ƙanƙantarta, ranar zai bar gidan, Ramlat ta koma murhun duwatsu kamar kowace mace. Ramlat ta amsa da to, kanta a sunkuye. Shekara goma sha uku tana gidan, ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi tsohuwar ba, ba ta taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba.

Sai dai Ramlat ba sakarya ba ce. Ta sa an huda bango an bi da tiyo, tukunyar tana waje a bayan kicin cikin inuwa. Ta san murhunta kamar tafin hannunta. Ta san cewa wayar murhun da ake sokawa a bango ba ta dafa komai, aikinta kawai ta yi ƙyas-ƙyas ta ba da tartsatsi. In an ɗauke lantarki, wanda a Batsari ɗaukewar ta fi kawowa yawa, sai ta ƙyasta ashana ta ci gaba da girkinta.

Ranar walimar saukar Alƙur'ani ta ɗiyarta Umaima, gida ya cika tun hantsi. Mata sun zo daga Wagini da Darini, wasu a kan babur, wasu a ƙafa. An girka manyan tukwanen shinkafa a kan itace can ƙarshen gida wajen turken awaki, inda hayaƙi ba zai kai ga Ramlat ba. Miya kuwa ita ta ɗauki nauyinta a kicin. Ta soya nama, ta zuba kayan miya, ta kashe murhu, ta ja ƙofa ta shiga wanka kafin malamai su iso.

Tana banɗaki aka ɗauke lantarki.

A lokacin ne Gwaggo Lami, ƙanwar Inna da ta zo daga Zakka, ta leƙa kicin. Mace ce mai son taimako ko ba a nema ba, irin wadda ba ta iya ganin tukunya a sauke ta wuce. Da safe ta ga yadda Ramlat ta murɗa wani abu, wuta ta kama da kanta. Ta ce bari ta ƙarasa wa yarinya miyarta. Ta murɗa kan murhu na farko, shiru. Ta murɗa na biyu, na uku, na huɗu, duk shiru. Ta ɗaga kai ta ga fanka ta tsaya, sai ta ce, "Af, ashe shi ma ya mutu tare da su." Ta fito abinta ta ja ƙofa. A tunaninta abin da ba ya ci ba ya bukatar kashewa, haka ta san murhu tun tana yarinya.

Ba a jima ba wari ya fara fitowa ta ƙasan ƙofa. Wata ta ce ɓera ne ya mutu, wata ta ce ƙwai ne ya fashe. Inna Jinjiri ta ji kunya ta kama ta har wuya. Yau ga baƙi, ga matan malamai a tafe, a ce gidanta na wari? Ta san maganin wari tun kafin a haifi Maude. Ta ɗauko kaskonta, ta je wajen masu shinkafa ta ɗebo garwashi jajir, ta barbaɗa turaren wuta mai kyau na biki, ta nufi kicin tana kaɗa hayaƙin da hannu.

Ramlat ta fito daga ɗaki tana ɗaura ɗankwali. Hancinta ya fara gaya mata, sannan idonta: tsohuwa da kaskon garwashi, saura taku kaɗan ta kai ƙofar kicin.

"Inna, tsaya," in ji ta.

Ina tsohuwa za ta ji, ga hayaniyar mata, ga kunne ya fara nauyi? Ramlat ba ta tsaya tunanin kunya ba. Akwai bokitin ruwan wankin shinkafa a gefen turmi. Ta sure shi ta sheƙa wa surukarta gaba ɗaya, daga kai har ƙafa. Kasko ya yi cuu, ya faɗi ya fashe. Sabuwar atamfar Inna ta manne mata a jiki, farin ruwa na ɗiga daga haɓarta.

Wata tsohuwa daga Wagini ta fara salati a hankali.

Ramlat ba ta durƙusa ba tukuna. Ta ce kowa ya matsa baya, kada wanda ya kawo ko guntun itace mai wuta nan kusa, kada kuma a taɓa makunnin fitila ko da an dawo da lantarki. Muryarta ba ta rawa, matan kuwa suka bi kamar yara. Ta zagaya baya ta rufe kan tukunyar gas, ta ɓalle taga daga waje, ta dawo ta wangale ƙofa, ta toshe hanci da gyale ta shiga ta mayar da kawunan huɗun nan yadda suke, ta zare wayar daga bango. Sai da ta gama duk wannan ta zo ta zube gaban Inna.

"Inna ki yafe mini. Da garwashin nan ya kai ƙofar nan, da yanzu ba wannan maganar ake ba."

Gwaggo Lami ce ta fara magana. "Ai ga irinta nan, Yaya. Tun farko kin faɗa. A fitar da shi kawai a huta."

Ramlat ta san tsohuwa ba ta manta sharaɗi. Ta tuna damina biyu da ta yi ba tare da an kwantar da ita asibiti ba, ta ji tsoron komawa gidan jiya. Amma ta san gaskiyarta, don haka ta ɗaga kai.

"Ba shi da laifi, Inna. Buɗe shi aka yi aka bar shi. Lantarki tartsatsi kawai yake ba shi. Iskar gas ɗin kuwa ko babu lantarki fitowa take."

Inna Jinjiri ta share fuska da bayan hannu. "Wa ya buɗe?"

Gwaggo Lami ta dubi ƙasa, ta dubi turmi, ta ce ita dai taimako ta yi niyya.

Tsohuwa ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna a tsakar gida a jiƙe, aka jira har warin ya baje sarai. Sannan ta ce, "Uwar Umaima, tashi ki kunna in gani da idona."

Ramlat ta je ta buɗe tukunyar gas, ta dawo ta ɗauki ashana. "Ashana ake fara ƙyastawa, Inna, sannan a murɗa. In bai kama ba, a rufe a jira." Ta ƙyasta, ta murɗa, shuɗiyar wuta ta zagaye kan murhu lumui. Ta kashe.

"Ba ni," in ji Inna.

Tsinke biyu suka karye a hannunta, na uku ya kama. Ta kai shi da kanta, ta murɗa da kanta, wuta ta tashi. Ta daɗe tana kallonta.

"To, ashe shi lafiyarsa ƙalau, mu ne ba mu da ita," in ji ta. "Ɗora miyarki. Ke kuma Lami, koma wajen shinkafa, can ne ajinki."

Ramlat ta ɗora tukunya, hawaye na zubo mata don daɗi, ba ta ko share su ba.

Aka kawo wa Inna wasu kaya ta canja, ta ce a mayar. Haka ta zauna a bakin zaure na ciki da jiƙaƙƙiyar atamfa, ƙwayoyin shinkafa a manne a ɗankwalinta. Duk baƙuwar da ta shigo, tun ba ta gama gaisuwa ba, sai Inna ta kama gefen zanenta ta nuna mata.

"Kin ga wannan? Ɗiyata ce ta jiƙa ni. Zauna in ba ki labari."