Ƙamshin Kitse a Rigar Ademar

A garin Paso de los Toros, da zarar hadari ya haɗo, ba wanda ke jiran a gaya masa abin yi. Mata su kwaɓa fulawa, su narka kitsen saniya a kasko, su soya torta frita, wata irin waina faffaɗa mai huji a tsakiya, a ci da zafinta ana sauraren ruwa a kan kwano. Gidan Nelida ne kaɗai ya daina, tun ranar da mijinta Ademar ya yanke jiki ya faɗi a mahauta, likita ya ce kitse ya toshe masa hanyoyin jinin zuciya.

Nelida ba ta ɗauki maganar da wasa ba. Ta kyautar da gwangwanin kitsenta, ta koma dafa kabewa da kifi da ganye, sannan ta tsare Ademar sai ya rantse mata ya bar suya har abada.

"Haba tsohuwa," in ji shi, "mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana fiɗar shanu za ki mayar zomo?"

"Zomon nake so, tsoho, in dai yana numfashi. Ci ganyenka."

Ya yi dariya ya rantse. Sai dai duk ranar da aka yi ruwa, zai jawo hularsa ya ce bari ya miƙe ƙafa, wai likita ya ce ya riƙa tafiya. Wane mai hankali ke miƙe ƙafa cikin ruwa? Ya dawo rigarsa na tashin ƙamshin kitse, alhali unguwar kaf an san Zulma, tsohuwar da ke ƙarshen layi, ba ta barin ruwa ya wuce ba ta ɗora kasko ba.

Nelida ta yi ta haɗiyewa, har ranar da haƙurinta ya ƙare. Ta shinshina rigar, ta wurga masa a fuska.

"Maƙaryaci! Ina nan ina wahalar raya ka, kana can kana kashe kanka!"

"Wallahi tsohuwa ban ci ba."

"Rufe min baki!"

Ta daina yi masa magana. Da safe ya miƙo mata ƙoƙon shayin mate, wanda suka saba sha tare tun aurensu, ta kau da kai. Ba su shirya ba har zuciyar ta tsaya, yana sunkuye yana ɗaure igiyar takalmi.

A wurin binnewa mutane suka yi ta yabon dauriyarta. Ba dauriya ba ce, haushi ne ya riƙe ta. Da ruwa na gaba ya sauko, ƙamshin suya ya cika layin, sai ta fita ko lema babu, ta banka ƙofar Zulma.

"Kin huta? Kin soye min miji, hankalinki ya kwanta?"

Zulma ta ajiye matsami, ta dube ta. "Haba Nelida, ji wata magana! Kin ga kujerar can? Nan yake zama, kusa da kasko. Ko ɓalli bai taɓa kaiwa baki ba. Na sha yi masa tayi, in ce Ademar, guda ɗaya ba ta kisa, ya ce ya yi wa tsohuwarsa rantsuwa. Ƙamshin kawai yake zuwa shaƙa. Har cewa yake suyata ba ta kama ƙafar taki ba, mara kunya, a cikin gidana!"

Nelida ta ce, "To me ya hana shi gaya min abin da ke kawo shi?"

"Ya ce in kin ji yana kewar suyarki, tausayi zai sa ki soya masa. Tawa yana iya ƙi, taki kuwa ba zai iya ba."

Nelida ta lallaɓa ta zauna a kujerar. Kitse na ta ƙara a kasko, hayaƙinsa na shiga rigarta. Kukan da ya ƙi zuwa a bakin kabari ya taho mata gaba ɗaya.

"Ya gaya min, Zulma," ta ce. "Ya ce bai ci ba. Na ce ya rufe min baki."