Motar da Za Ta Ɗauko Dogo

Likita ya ce ranar Alhamis za a sallami Dogo. Ma'aikaciyar da ke koya masa tashi da zama kuwa ta riga ta gaya wa matarsa, Maman Biyu, cewa tsohuwar motarsu ba za ta yi ba, ta yi ƙasa da yawa. Mutum mai tsayi da nauyi irin nasa, ga shi an yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, in ya faɗa cikin wannan kujerar sai an yi gayya kafin a fito da shi.

Maman Biyu ta ce to. Tun ranar da aka shiga da shi ɗakin tiyata, kusan amsar da take ba kowa ke nan.

Maganar sabuwar mota ta daɗe a gidan. Dogo awon filaye yake yi, kullum yana kan hanyar da ba kwalta, kuma ya fi shekara yana tanadi saboda wasu ƙananan jif guda biyu da ya ɗora wa ido, irin waɗanda ba su kai manyan girma ba amma sun fi mota zalla tsayi. Yau ya ce wannan, gobe ya ce waccan. Har tagwayensu sun rabu, kowacce da tata, ana musu a kan tebur ana cin abinci. Ana cikin haka wani ɗan gyambo ya fito masa a yatsa, ciwon suga ya hana shi warkewa.

Ta same shi a gadon asibiti ya juya fuska wajen taga.

"Gobe za mu je wajen motocin da Auta. Wacce zan ɗauko?"

"Duk ɗaya."

"Kai ka san su. Ni ko sunayensu ban riƙe ba."

"Ai ba ni zan tuƙa ba," in ji shi. Can ya ƙara da cewa, "Ja mini labulen nan, rana tana dukan idona."

Ta ja labulen.

Auta ƙanin Dogo ne, shi ya kai ta da safe a motarsa, keken guragu a naɗe a kujerar baya. Wurin sayar da motocin gilashi ne ta ko'ina, ga sanyi, ga ƙamshin sabuwar taya. Da ta turo keken ciki, ƙafafunsa suka bar zane biyu na ƙura a kan tayil ɗin da aka goge. Ta tsaya tana kallon zanen har sai da mai sayar da motocin ya iso, wani dogon mutum cikin kwat.

"Ranki ya daɗe, sannu da zuwa. Ga su nan gefe da gefe, kamar yadda kuka ce a waya."

Ɗaya fara ce, ɗaya ruwan toka. Kuɗinsu kusan ɗaya. Ya ce farar ta fi ƙarfin inji, ta fi tashi daga ƙasa, rufinta yana buɗewa. Ruwan tokar kuwa ba ta shan mai, kuma ta fi sauƙin juyawa a lungu. Yana magana yana shafa jikin mota, ita kuwa idonta na kan wani zare da ke lilo a maɓallin hannun kwat ɗinsa. Da ya dasa aya ta ce, "Buɗe mini but."

A farar, keken ya kwanta gaba ɗaya ba a cire masa komai ba. Sai dai bakin but ɗin ya kai mata ƙugu, da ta ɗaga keken ƙarfensa ya buge ta a ƙwauri. Auta ya miƙo hannu zai karɓa.

"Bar shi. Ba kullum kana nan ba."

A ruwan tokar bakin ya yi ƙasa, ta tura shi ba wahala, amma murfin ya ƙi rufuwa sai da ta zare matakan ƙafa guda biyu ta ajiye su a gefe.

"Saura kujera," ta ce. "Auta, zauna a keken."

"Ni? Anti, in kika yar da ni sai kin biya diyya, ban ko yi aure ba."

Ya zauna yana dariya, ya naɗe ƙafarsa ta dama a ƙarƙashin cinya. Ta yi yadda aka koya mata a asibiti: ta ja burkin keken, ta tokare gwiwarsa da tata, ta kama shi ta bel ɗin wando. Kujerar farar ta fi keken tsayi da fiye da taƙi, sai da ta ɗaga shi sosai. Ta ruwan tokar kusan daidai take da keken, zamewa kawai ya yi ya shige.

"Yau ga ni a kujerar mai zaman banza," in ji Auta. "Yaya ya ce ko a mafarki bai taɓa zama a nan ba, in wani na tuƙi jiri yake—"

Bai ƙarasa ba. Ya dubi gwiwarsa da ke naɗe, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya sauke ƙafar, ya fita ta ƙofar gilashi ya tsaya bayan wata babbar mota. Daga inda take tana ganin kafaɗunsa suna rawa. Ta jira ta ji ko wani abu zai motsa mata a ƙirji. Abin da ya zo mata kawai shi ne ko ta kashe gas kafin ta fito.

Mai sayar da motocin ya yi gyaran murya.

"Maigidan ya fi wancan da ya fita tsayi?"

"Nesa ba kusa ba. Kamar kai yake, ya ɗan fi ka jiki."

Ya cire kwat ɗinsa ya rataye a madubin farar, ya zauna a keken ya naɗe ƙafa. Abokan aikinsa suka leƙo daga teburansu.

A farar ta kasa. Ta ɗaga shi rabin hanya, bayanta ya amsa, dole ya sauke ƙafar da ya naɗe ya tsaya da kansa. A ruwan tokar ya shiga, amma goshinsa ya gogi saman ƙofa. Suka tura kujerar baya har ƙarshe, suka ɗan kwantar da ita, suka sake. Wannan karon ya sunkuyar da kai ya wuce.

"Kai dai ana iya sunkuyar da shi," ya ce yana murza goshi. "Za ki ɗan zagaya da ita ki ji?"

Ta zagaya layin sau ɗaya. Sitiyarin ba nauyi, burkin yana ci da wuri. Ba ta ji daɗi ba, ba ta ji akasin haka ba. Da ta dawo Auta ya wanke fuska yana jiranta.

"Anti, kafin ya kwanta fa farar yake ta yabo. Kada ki ce ban faɗa ba."

"Na ji," ta ce. Ta juya wajen mai kwat. "Ruwan tokar."

Suka ce al'adar wurin ce a ɗaura wa mota ƙyalle a ɗauki hoto da mai ita. Ta tsaya inda aka nuna mata, makulli a hannu. Mai ɗaukar hoton ya ce ta yi murmushi, ta yi.

Ranar Alhamis da hantsi ta ajiye motar a bakin ƙofar asibiti, wata nas ta turo Dogo. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, an naɗe ƙafar wandon an soke da fil. Ya dubi motar tun daga fitila har taya, irin duban da yake yi wa fili kafin ya kafa ƙarfen awo. Maman Biyu ta ja burkin keken ta kama shi ta ƙugu. Ya fi mai sayar da motocin nauyi, kuma ta manta ta ce masa ya sunkuya, kansa ya bugi saman ƙofa.

"Sannu."

"Ba komai."

A hanya ledar da ke kan kujerun tana ta ƙara duk sanda ya motsa. Da suka zo wata mahaɗa, wani mai babur ya gifta, ta ga dungulmin ƙafarsa ya zabura gaba yana neman burki. Shi ma ya gani. Ya ɗora tafin hannu a kan gwiwar ya danne ta, ya bar hannun a wurin.

"Farar fa?" ya tambaya bayan sun wuce gidan mai.

"Ta yi tsayi. Ba zan iya ɗaga ka ba."

Ya gyaɗa kai. Ya buɗe ɗan akwatin da ke gabansa, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Ki riƙa duba iskar taya," ya ce. "Sababbi ma suna sacewa."

"To."

Sai da ta tsaya a ƙofar gida ta ga matakalar siminti da ke hawa barandar. Shekara da shekaru tana taka ta, ba ta taɓa lura da tsayinta ba. Tagwayen suna makaranta, layin ba kowa sai wata akuya a gindin katanga. Ta kira Auta, ya ce yana wajen aiki amma ga shi nan, zai biya wajen kafinta ya samo katako mai faɗi.

Ta bar injin a kunne saboda sanyi. Suka zauna suna kallon ƙofar gidansu ta gilashi. Dogo ya sa farce ya fara ɓare ledar da ke manne a jikin ƙofar motar, a hankali, yana dunƙule ta a tafin hannunsa.