Tsamiya Ce

Gwaggo Haulatu ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta a kan Munzali ba. Ɗan wanta ne, marigayi Malam Abbas, jininta ne, amma a wajenta wannan bai ƙara masa ko ƙwayar hankali ba. Mutum ne da ya je Katsina ya yi kwas na mako uku, ya dawo ya ce a riƙa kiran sa malamin gona, ya kama shago a bakin kasuwar Daura ya jera robobin maganin feshi har rufi. Ka ajiye masa damin gero da na maiwa, sai ya zaro waya kafin ya ce maka ga wannan ga wancan. Ita kuwa ta ba saba'in baya, tun tana 'yar shekara takwas mazarin kaɗi yake hannunta, kuma har yau da ƙafarta take zagaya gonarta a ƙauyensu da ke kan hanyar Mai'adua.

Gonakin nasu haɗe suke, tata da tasa ta gado, wata tsohuwar bishiyar tsamiya ce ta raba su. A jikin bishiyar nan, da safe bayan ruwa na uku, Gwaggo ta ga abin.

Da farko ta ɗauka malam-buɗe-littafi ne kamar sauran. Amma shi wannan ba ya buɗewa ba ya rufewa, ya kife fukafukansa kamar jinkar ɗaki ya lafe. Launinsa na madara ne, da ratsi biyu ruwan ƙasa, jikinsa buzu-buzu da gashi, a gindinsa wani tuntu kalar zuma. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa ɓawon, domin idanun sun fara gardama. Sai ta nemi saiwa ta zauna. Rabon ta da ganin wannan halitta ya fi shekara talatin.

Ta san abin da zai biyo baya kamar yadda ta san sunanta. Uwar za ta saka ƙwai a ganye. Tsutsotsi masu gashi za su ƙyanƙyashe, su ci ganye damina guda, su riƙa hawa da sauka a layi. Idan hatsi ya kusa nuna sai su taru a marabar reshe su saƙa wa kansu gida ɗaya, ruwan ƙasa, mai kauri kamar jakar fata. Wannan gidan shi ake dafawa da ruwan toka, a wanke, a shanya, a kaɗa. Zaren da ke fita shi ne tsamiya. Bishiyar tsamiya, ƙwaron tsamiya, zaren ma tsamiya, suna ɗaya aka raba musu, kuma a da babu yarinyar da za ta rikice a kai.

Abin da ya zaunar da ita kuwa, riga ce. Malam Abbas ya bar babbar riga mai aska biyu, wadda ita da mahaifiyarsu suka kaɗa zaren aikinta, rani guda cur. Yanzu tana hannun Munzali. Ba biki, ba suna, ba Juma'ar da ba ya zuba ta, yana ɗaga kafaɗa yana gaya wa mutane cewa tsamiya ce ta asali. Wuyan ya zaizaye saboda gumi da rashin iya ajiya. Ya kai wa Sada mai ɗinkin hannu a cikin Daura, Sada ya ce ba zai sa wa rigar nan zaren kanti mai ƙyalli ba, a nemo na gaskiya, shi kuma na gaskiya ya ɓata a kasuwa. Shekara biyu ke nan Munzali yana ƙorafi. Gwaggo ta auna a ranta: gida ɗaya mai kyau zai ishi wuyan riga. Ba don Munzali ba, Allah ya kiyaye. Don Yaya Abbas, kuma don ta kaɗa tsamiya sau ɗaya kafin idanun su rufe.

Tana nan zaune ta ji ƙarar babur. Ga Munzali nan, da takalmin roba har gwiwa a ƙasar da ko taɓo babu.

"Gwaggo, ina kwana. Me kike kallo haka?"

"Lafiya lau. Baƙo muka yi."

Ya leƙa, ya yamutsa fuska, ya zaro wayar. Ya ɗauki hoto, waya ta ce wani ƙwaro ne na ƙasar Sin. Bai gamsu ba ya sake ɗauka, ta ce asu ne mai cin tufafi. Ya durƙusa ya ɗauka ta gefe, ta ce mai yiwuwa uwar tsutsar nan ce mai cinye masara. To, nan fa fuskarsa ta washe. Cikin amsoshi uku ya zaɓi wadda yake da maganinta a shago.

"Gwaggo, akwai matsala. Wannan annoba ce. Idan ta yi ƙwai, gonata da taki sun tashi."

"Tsamiya ce," in ji ta.

"Ai na san bishiyar tsamiya ce. Ƙwaron nake magana."

"Na ce maka tsamiya ce."

Munzali ya yi 'yar dariya, ya dafa bishiyar da tafin hannu, ya ɗaga murya yana rarraba kalmomi kamar mai magana da kurma. "Wannan, bishiya. Wannan, ƙwaro. Kin gane, Gwaggo?"

Ta ɗaga kai ta kalle shi tun daga takalmin har hula. Magana uku kacal za ta warware zancen, ta sani. Amma raini tsantsa ya hana ta. Mutumin da yake yawo da aikin halittar nan a wuyansa, yana cika baki da sunanta a gaban jama'a, yau an nuna masa ita ido da ido ya ce annoba ce. Ita ce za ta zauna ta koya wa wannan? Ita da ya mayar kurma a gonar ubanta?

"Kada ka taɓa min bishiya," iyakar abin da ta ce ke nan.

"To, Gwaggo," ya ce. Irin "to" ɗin da ake ba yara da tsofaffi don su yi shiru.

Damina ta yi kyau. Ƙwai ya ƙyanƙyashe, kuma komai ya tafi yadda ta sani. Kullum bayan ta karya kumallo sai ta ja sandarta ta je ta tsaya a gindin tsamiya tana kallon layin tsutsa yana hawa, kai a gindin ɗan'uwa, babu mai wuce wani. Ko ganye ɗaya na gero ba su taɓa ba, ko na wake. Mai ido zai gani. Amma Munzali ba gona yake kallo ba, waya yake kallo. Ranar da ya tsaya a ƙarƙashin reshe yana ɗaukar hoto, gashin tsutsar ya zubo masa a ƙeya, ya kwana uku yana susa kamar mai ƙazwa. Gwaggo ta ji labari ta yi dariya har da hawaye. Shi kuwa daga ranar abin ya zame masa gaba.

A gida ta fara shiri. Ta ƙona karan gero ta tace toka a tsohuwar tukunya. Ta ciro mazarinta daga cikin kwalla, ta goge, ta nemo allin da ake shafa wa yatsu. Maƙwabcinta Malam Kabo, tsoho kamarta, wanda shi ma ya san tsamiya tun yana ƙarami, ya gan ta a ƙofar gida tana wannan aiki.

"Haulatu, kin kuwa yi wa yaron nan bayani? Jiya na ji shi a majalisa yana cewa zai yi maganinsu."

"Na gaya masa."

"Me kika gaya masa?"

"Na ce tsamiya ce. Idan bai gane ba ya tambayi wayarsa, ai ita ta haife shi."

Malam Kabo ya girgiza kai ya wuce. Shi ba mai shiga maganar gidan wani ba ne.

Da gero ya kusa nuna, tsutsotsin suka daina cin ganye. Suka taru a marabar babban reshe, dunƙule guda kamar ƙwaryar awo, suka fara saƙa. Ranar Laraba Gwaggo ta ga farin yadi siriri ya lulluɓe su. Ranar Alhamis ya fara yin ruwan ƙasa. Kwana goma take bukata, ko goma sha biyu, gidan ya yi kauri. Ranar Juma'a da sassafe aka aiko mata cewa ƙawarta ta rasu a Kongolam, ta hau mota ta tafi gaisuwa.

Da la'asar ta dawo, ko gida ba ta shiga ba ta zarce gona. Tun daga nesa warin ya tare ta, warin nan mai hawa kai na shagon Munzali, haɗe da ƙauri. Gindin tsamiya baƙi ƙirin da tsutsa, wasu sun nannaɗe, wasu suna ɗan motsi. Bai tsaya a feshi ba, don ya nuna ƙwarewa har da ɗaura kara a gora ya cinna wa gidan wuta. Abin da ya rage yana reto a reshe bai kai tafin hannu ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta sa sanda ta zaƙulo guntun, ta zauna a kan saiwar nan tana juya shi a hannu. Baƙin cikin ya yi mata nauyin da ko tsaki ta kasa.

A haka ya same ta. Daga ɗaurin aure yake bayan sallar Juma'a, kuma ba sai an faɗa ba, rigar ce a jikinsa. Ya kafe babur ya tattare hannayen rigar a kafaɗa, yana murmushin wanda ya zo karɓar godiya.

"Gwaggo, sannu da hanya. Allah ya ji ƙan ta. Kin ga aiki ko? Na bari sai da kika tafi don kada ranki ya ɓaci. Ko ɗaya ba ta tsira ba."

"Matso nan, Munzali."

Ya matso ya ɗan rusuna.

"Rigar nan, aikin wuyanta na mene ne?"

"Tsamiya mana. Ta asali."

"Me ya sa ake ce mata tsamiya?"

Ya yi dariya, ga tambaya mai sauƙi. "Ai da ruwan tsamiya ake rina zaren, shi ya sa yake wannan kala. Kowa ya san wannan."

Gwaggo ta juyo guntun da ke hannunta. Ta sa farce ta tsinko wani ɗan gefe na guntun da wuta ba ta ci ba, ta ja shi a hankali, ta jiƙa yatsa da yawu ta murza a kan gwiwarta. Ya fito siriri, tsawon yatsa. Ta kamo wuyan rigar ta jawo shi ƙasa har sai da ya durƙusa, ta ɗora zaren a kan aikin da ya zaizaye. Ba ka iya cewa ga sabo ga tsoho.

Munzali ya kalli wuyansa. Ya kalli guntun da ke cinyarta. Ya juya ya kalli ƙasar da ya rufe da tsutsa. Ta ga lokacin da abin ya shige shi, domin bakin nan da ba ya rufuwa ya buɗe ya tsaya haka.

"Su ne suke yin ta?"

"Su ne."

"Da sun gama, da ya isa wuyan?"

"Da har da saura."

Da ya yi magana muryar ta zama ƙarama, ta koma irin ta ubansa, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"Gwaggo, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Sau biyu na faɗa maka."

Da kunnenta ta ji ƙanƙantar maganar. Sau biyu. Ta jira shekara talatin, ta tace toka, ta goge mazari, ta yi sintiri damina guda da sanda, amma ta yi rowar magana uku don kada ta sauke kanta ga sakarai. Sakarcinsa yana nan yadda ta san shi, ba ta rage masa ko kaɗan ba. Sai dai yanzu da ta duba gindin tsamiyar, mutum biyu ta gani da suka yi aikin nan, kuma ta rasa wanda za ta fi rainawa.

"Baɗi za su dawo?" ya tambaya.

"Wa ka bari da zai dawo?"

Ta dafa sanda ta miƙe. Ta cire ɗan zaren daga wuyan rigar wanta, ta kamo hannun Munzali ta buɗe tafinsa ta ajiye masa.

"Ungo. Ka kai wa Sada, ka ce masa iyakar abin da ni da kai muka samu ke nan."