Kwantenar Da Aka Bari A Baya

Duk sati biyu ko uku sai masu aikin hanyar sun tashi, domin kwalta ba ta tsayawa wuri guda. In an zo tashi kuwa, manyan injina ne kan fara wucewa, sai siminti da rodi, sai janareta. Kwantenar ma'aikata ita ce ta ƙarshe. A cikinta akwai banɗaki biyu, da famfon wanke hannu, da benci uku, da akwatin magani. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara haka. Kawai dai abin da ba ya zuba kwalta shi ake bari a baya.

Wannan karon an aika motar da ke ɗaukar kwantenar wani aiki, aka ce gobe za ta dawo. Goben nan ta kai kwana huɗu.

Dattijo mai ɗaurin rodi ya fi kowa ƙirga kwanakin. Shekara ashirin da shida yana wannan sana'a, amma wata uku ke nan fitsari ya matsa masa. Bini-bini sai ya ji shi, in ya je kuma sai ya daɗe yana nishi kafin ya fito, wani lokaci har da jini. Bai gaya wa kowa ba. Ya sha ganin yadda ake yi da wanda ƙarfinsa ya ja baya: a yi masa godiya, a sa shi a mota. Lokacin da kwantenar tana kusa, yakan zagaya ta baya ya shige, ba mai lura. Sabon wurin kuwa fili ne fetal, ko bishiyar kirki babu. Samari su je bayan tifa su gama cikin minti ɗaya. Shi in ya je sai kowa ya ga daɗewarsa, ga kuma matar da ke riƙe tutar tsayar da motoci tana tsaye daidai wurin.

Sai ya daina shan ruwa.

Dogo, ɗan ƙanwarsa, shi ke tuƙa tankar ruwa. Rana ta huɗu ya zo ya miƙa masa kofi.

"Kawu, karɓi. Leɓenka duk ya tsage."

"Na sha ɗazu."

"A ina? Ni ne mai ruwan wurin nan fa. Ko raƙumi ka koma ba mu da labari?"

Masu ɗaurin rodi suka kwashe da dariya. Dattijo ma ya yi murmushi, ya ce, "Tafi ka ba ni wuri, uwarka ma ba ta yi mini wannan surutun ba."

Rana ta take sosai, ƙarfe ya yi zafin da sai da tsumma ake kama shi. Yana sunkuye yana murɗa waya sai ya ga sandunan rodin suna ninkuwa biyu-biyu. Ya yi niyyar miƙewa, ƙasa ta taso masa.

Ya farfaɗo a inuwar tanka, rigarsa sharkaf, kansa a cinyar Dogo. Injiniyan da ke kula da aikin na tsugunne gabansa, saurayi ne da bai wuce sa'an ɗansa na fari ba.

"Baba, an ce kwana huɗu ba ka sha ruwa da rana ba. Me ya sa?"

Dattijo ya dubi mutanen da suka kewaye shi. Injiniya ya gane, ya ce kowa ya koma bakin aiki. Sannan Dattijo ya faɗa masa komai, a hankali, idonsa na kan tayar mota.

Injiniya ya tashi ya buga waya, Dattijo yana jin muryarsa daga nesa: ba za a ƙara zuba ko shebur ɗaya ba sai kwantenar ta iso. Da ya dawo ya ce Dogo ya kai kawunsa asibiti yanzu.

"Ranka ya daɗe, in na dawo, wurina yana nan?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Ba zan mayar da kai rana kan rodi ba. Amma kwantenar nan ba ta da mai ita, shi ya sa ake mantawa da ita. Ina son mutum ya riƙa kula da ita, ya cika tanki, ya wanke, ranar tashi kuma ya tsaya kai da fata sai an fara ɗaukar ta."

"Wankin banɗaki ke nan."

"Har da shi."

Dogo ya buɗe baki zai yi magana, Dattijo ya dafa masa gwiwa. Ya tuna gadojin da ya ɗaure wa rodi, waɗanda motoci ke bi a yanzu haka. Ya tuna yara uku da ke gida, ƙaramar ko makaranta ba ta shiga ba.

"Na karɓa," in ji shi. "Amma ka bari ni zan gaya wa yaran aikina da bakina."

Ya yunƙura ya tashi, ya ƙi yarda a riƙe shi, ya nufi wurin masu ɗaurin rodin yana tafiya a hankali.